Firizar Uwar Sanyi

Wanda bai san ta ba, idan hannuwanta ya fara gani, sai ya ɗauka tsohuwa ce tukuf. Sanyi ya daɗe yana cin su. Yatsun sun yi kauri, fatar bayan hannun ta tsattsage kamar gindin tafki da rani, farcen babban yatsa guda ya mutu bai ƙara tsirowa daidai ba. Sai ya ɗaga ido ya ga fuskar sannan zai janye maganarsa. Doguwar mace ce mai wushirya, idonta a tsaye, tafiyarta irin ta wadda ta baro abu a kan wuta. A layin shagunan babu mai kiran ta da sunan yanka. Uwar Sanyi ake ce mata, jikokinta ma haka suke kira, ita kuma ta amsa ba tare da ta juyo ba.

Ta hanyar aure ta san ƙanƙara. Mijinta direban motar kifi ne, duk dawowarsa daga tafiya yakan shigo da ragowar ƙanƙara a nannaɗe cikin buhu tana ɗiga a kafaɗarsa, yara su bi shi da kofuna. A bakinsa ta ji yadda mata masu kifi suke kuka da rashin ta, yadda zafin wuni ɗaya yake mayar da kwandon kifi abin zubarwa. Da ciwo ya ɗauke shi bai bar mata gida ba, bai bar mata gona ba. Wannan labarin ya bar mata, da yara masu tashi da yunwa. Dangi suka ce ta koma gidan yayanta ta zauna. Ta ce zama ai ba sana'a ba ne. Ta cire abin wuyanta ta kai kasuwa, ta dawo tana bin amalanke da ƙaramar firiza a kai, ta kama shagon ƙarshe a layin wani Alhaji.

Waccan firizar ba ta yi tsawon rai ba, kuma ƙanen mijinta ne ya kashe ta. Shi mai gyaran firij da fanka ne, ya raɗa wa kansa suna Injiniya tun bai iya riƙe sukundireba daidai ba. Ya zo wata rana yana zolayar ta kamar yadda ya saba, ya ce zai ƙara mata wani ɗan ƙaramin abu, sanyi zai ninka. Ya tsuguna a bayan firizar, ya tura ƙarfe inda bai kamata ba. Sai aka ji fiiish, gas ya fice kamar numfashin ƙarshe. Ba ta yi masa ihu ba. Ta dube shi kawai, ta ce muddin tana da rai hannunsa ba zai sake taɓa mata firiza ba, ba shi kaɗai ba, duk wani mai yawo da sukundireba a aljihu. Ta daɗe tana saro ƙanƙarar wasu tana sayarwa kafin ta sami ta biyu.

Ta biyun ce ta rufa mata asiri. Doguwa ce, fara, mai murfi biyu, daga wani otal da ya rufe aka fito da ita. A cikinta aka ciyar da yara, a cikinta aka kai su makaranta, aka aurar da na aurarwa. Da yamma Uwar Sanyi takan cika gwangwanaye da ledoji da ruwa ta jera su kamar mai kwantar da jarirai. Da safe ta ɗaga murfi, hayaƙin sanyi ya taso ya shafi fuskarta, ruwan jiya mai rawa da gudu ya tsaya cak, ya yi fari a tsakiya kamar an kulle gajimare a ciki. Ta kifa gwangwani ta ƙwanƙwasa gindinsa, dutsen ƙanƙarar ya zamo kan buhu. Masu kifi su ɗauka, masu lemo su ɗauka, mai kemis ya aiko da kularsa, uwar da ɗanta ke fama da zazzaɓi ta zo da gefen zani a buɗe, a ba ta gutsure a ce Allah ya ba shi lafiya.

Firizar tana da halinta, Uwar Sanyi kuma ta san shi kamar yadda ake sanin tarin miji a cikin taro. Takan yi gurnani ƙasa-ƙasa ta daɗe, sai ta ce ƙas, ta yi shiru ta huta. Can an jima ta sake cewa ƙas, ta girgiza, ta ci gaba. Doka ɗaya ce a shagon, duk jikan da ya taɓa taya ta zama ya haddace ta: in an ɗauke wuta a zare fulogi, in an dawo da ita kada a yi gaggawar mayarwa. A bar baiwar Allah ta sauke numfashi tukuna. Me ya sa? Uwar Sanyi ba ta taɓa tambaya ba. Ta dai ga masu gaggawa suna jan nasu matattun zuwa wajen masu gwangwan.

Shagon da ke manne da nata na wani tela ne, har tsufa ya rufe masa ido ya tattara. Sai ga wani matashi ya kama wurin, ɗan 'yar'uwar matar Alhaji. Ya lulluɓe bango da soso da kwalayen ƙwai, ya raba ɗakin biyu da gilashi, ya shigo da na'urori masu ƙananan fitilu kamar idanun kyanwa. Wurin ɗaukar waƙa ya buɗe. Kullum da abin jin sauti maƙale a kansa, don haka tun a makon farko Uwar Sanyi ta raɗa masa Kunne Huɗu, sunan kuwa ya bi shi. Yana da ladabi, ba a raba shi da "Mama, ina kwana," har yakan kama mata buhu in ya ga ta jigata.

Wata hantsi ya leƙo shagonta yana sosa ƙeya.

"Mama, don Allah zo ki ji wani abu."

Ta goge hannu ta bi shi. Ya ɗora mata abin a kunne. Muryar namiji ta cika mata kai, siririya, mai daɗi, tana hawa sama a hankali kamar hayaƙin turare. Daidai inda muryar ta kai ƙololuwa tana rawa, sai wani abu ya ce ƙas a tsakiyar kanta, kamar an karya busasshen kara.

"Kin ji?"

"Na ji. Mai waƙar ne ya taka wani abu?"

"Firizarki ce, Mama."

Ta cire abin ta miƙa masa. "Kai, Kunne Huɗu, ka ji tsoron Allah. Bango ne fa tsakaninmu, ga sosonka, ga kwalayen ƙwanka. Ta ina ta shigo? Ta iya waƙa ne ban sani ba?"

"Ba ta bango take shigowa ba, ta waya ce." Ya ɗauki wata igiya ya naɗa a yatsansa yana nuna mata. "A cikin injinta akwai waya a nannaɗe haka, zagaye kan zagaye. Irin wannan wayar ba ta son a yanke mata wuta farat ɗaya. Duk sa'ad da makunnin cikin firizar ya katse, sai ta yi harbi baya kamar jaki, tartsatsi ya tashi a bakin makunnin. In za ta tashi ma haka. To harbin nan ne yake bin wayar gini, tunda mita ɗaya muke sha, ya shigo na'urata. Wani ma ta iska yake tsallakowa ya faɗa wayar makirfo."

Uwar Sanyi ta yi dariya har wushiryarta ta fito. "Ashe 'yar gida ce. Ni ma in aka katse min magana harbi nake yi."

"Akwai magani, Mama, ba wuya. Ko dai ki riƙa kashe ta lokacin da nake ɗauka…"

"A'a."

"…ko kuma a buɗe bayanta a ɗaura mata wannan." Ya zaro wani abu daga aljihu, bai kai ɗan yatsa ba, da ƙafafu biyu na waya. "Shi zai riƙa shanye harbin. Ɗan ƙaramin abu ne."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta kamar yadda ake ɗauke wuta. Ta dubi abin, ta dube shi.

"Ɗan ƙaramin abu," ta maimaita. "Na taɓa jin wannan karatun, ɗana, a bakin wanda ya fi ka gemu. Mayar da shi aljihunka. Kafin a haife ka take cewa ƙas a wannan layin, tela ya yi shekaru bai ce ta ɓata masa ɗinki ba."

A gaskiya yaron ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya janye wayoyinsa daga jikin bangonta, ya sauya soket, ya sayo wani akwati da aka ce yana tace wuta. Ƙarar ta ragu, ba ta tafi ba. Mawaƙin nan mai siririyar murya, wani ƙaton mutum da wuyansa ya nutse cikin kafaɗu, daga nesa yake zuwa, kuma duk ranar da waƙar ta zauna masa daidai a maƙogwaro, ranar firizar take sa baki. Ya fara cewa zai nemi wani wurin.

Ba a jima ba sai ga Alhaji da kansa, babbar riga tana jan ƙasa, ya tsaya a bakin shagon yana kaucewa ruwan da ke gangarowa.

"Uwar Sanyi, an wuni lafiya? Ya sanyi?"

"Sanyi alhamdu lillahi, Alhaji. Yau da kanka? Allah ya sa ba rufin ne za a gyara mana ba, kada in suma."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya ce yaron nan ɗa ne a wurinsa, ya zuba abin da yake da shi a harkar nan, ga shi firiza tana kore masa mutane. Ya ce shi ba ya son tashin hankali. Akwai shago a bayan gini, ta koma can, ko kuma ta yarda a yi wa firizar abin da yaron ya ce. Ya ba ta zuwa ƙarshen wata.

Ta san shagon bayan. Yana kallon kwata, rana tana dukansa tun daga azahar har faɗuwarta, kuma babu mai kifin da za ta zagaya lungu da kwando a ka alhali akwai masu ƙanƙara a bakin titi.

"Alhaji," ta ce, "ranar da na shigo shagon nan babu ƙofa, buhu na rataya. Simintin da kake tsaye a kai ni na sa aka zuba. Ban taɓa sa ka zo nemana kan kuɗin haya ba, ko sau ɗaya. Yanzu don an haifi waƙa jiya, ni ce zan koma bakin kwata?"

"Ba kora ba ce, Uwar Sanyi, gyara ne."

"To a gyara waƙar. Ni da firizata muna nan."

Ya tattare rigarsa ya tafi yana cewa ƙarshen wata dai, ƙarshen wata.

Bayan haka abin mamaki ya faru: Kunne Huɗu ya daina ƙorafi. Yana gaishe ta, amma idonsa a ƙasa. Ita kuma ƙanƙararta ta fara canja hali. Dutsen da ya saba zamowa da ƙarfi yana ƙara kamar ƙarfe, sai ya fito da ruwa a cikinsa yana kai-kawo. Wata mai kifi ta ɗaga guda ta girgiza a kunnenta ta ce, "Yaya, yau kwakwa kike sayarwa?" Uwar Sanyi ta duba robar murfi, ta rage kaya, ta janye firizar daga bango don ta sha iska. Ta dafa gefenta ta ji zafi irin wanda ba ta saba ji ba, kamar goshin mai zazzaɓi.

Kullum da hantsi takan tura baro ta kai wa masu kifi kaya a bakin kasuwa, ta ja ƙofar shago ta bar firizar ita kaɗai. Ranar da abin zai fito fili, tayar baron ta sace a hanya, ta bar shi wajen mai faci ta dawo ɗaukar buhu. Tun daga bakin ƙofa ta ji abin da ya tsinka mata zuciya. Firizar tana yunƙuri, uuum, kamar mai son tashi da kaya a ka, sai ƙas, ta faɗi. Shiru kaɗan. Uuum, ƙas. Fitilar shagon ta mutu, ta dawo. Amma rediyon mai kemis bai yi ko tari ba, fankar mai aski tana ta juyawa. Wutarta ce kaɗai take zuwa tana tafiya.

Ta zagaya bayan gini inda akwatin mita yake, kowane shago da makunninsa a jere. Ga Kunne Huɗu tsaye, hannunsa a kan nata, ya leƙa kai ta tagar shagonsa yana ce wa mawaƙin, "Ka sake kuskurewa? To tsaya in mayar mata, sai mu sake."

"Sake me?"

Ya juyo kamar an watsa masa ruwan firizar. "Mama… wallahi ba daɗewa nake yi ba. In zai fara in kashe, yana tsayawa in mayar nan take. Ko minti ba na bari ya wuce a banza, don kada ƙanƙararki ta narke. Amma abin ma ƙaruwa ya yi, yanzu in na mayar sai ta yi ta yi ba ƙaƙƙautawa…"

"Nan take," ta ce a hankali. "Kana mayarwa nan take."

Wari ya riga ya iso gare su, warin roba da ta ƙone. Ta koma da gudun da ba ta san tana da sauransa ba, ta fizge fulogi. Firizar ta yi tsit. Ba irin shirun hutunta ba, wanda akan ji rai yana kwance a ƙarƙashinsa. Wannan shirun babu kowa a ciki.

Ta zauna a kan bokiti. Ta ji muryar yayanta ta shekarun baya tana cewa ki dawo gida ki zauna. Ta ga shagon bayan da kwatarsa. Ta dubi hannuwanta, waɗanda ta ba wa sanyi ya ci don kada ta miƙa su ga kowa. Hawaye ya zo har bakin ido, ta ce masa ba yau ba. Ta miƙe ta fara kwashe gwangwanaye.

Masu kifi da suka gaji da jira suka biyo sawu su uku, suka tarar da ita tana zare kaya. Da suka ji abin da ya faru, babbarsu ta ajiye kwando ta ɗaure gyale a ƙugu. "Yaya, faɗi abin da za a yi." Aka samo guntayen bututun ƙarfe wajen mai walda, aka tura su ƙarƙashin firizar, mata huɗu suka gangaro da ita waje a hankali, suka gindaya ta a bakin ƙofar wurin ɗaukar waƙa, daga wannan gefe zuwa wancan. Uwar Sanyi ta hau kan murfin ta zauna, ta miƙe ƙafafu.

Ƙaton mawaƙin yana ciki. Ya leƙo ta saman firizar. "Hajiya, ni fa baƙo ne, ina da mota da zan kama."

"Ka yi wa firizar waƙa, ɗan'uwa, ko ta tashi. An ce muryarka tana tayar da matattu."

Layin ya cika. Mai aski ya fito da almakashi a hannu, wanda ake yi wa askin ya biyo shi da rabin kai. Aka kira Alhaji, ya iso yana haki.

"Uwar Sanyi, wannan wane irin abu ne? Hanya ce fa!"

"Gawa ce, Alhaji, na kawo wa wanda ya kashe. Ka ce firiza ta yi shiru kafin ƙarshen wata, to ga shi ɗanka ya cika maka umarni. Sai ku yi mata sutura."

Alhaji ya dubi yaron. Yaron, wanda yake tsaye a waje tun ɗazu kamar an dasa shi, ya ce, "Ni ne, Baba. Ban san ba a mayar mata da wuta da wuri ba."

"Wa ya aike ka akwatin mita? Wa ya aike ka?" Alhaji ya cire hula ya mayar. Ya sassauta murya. "To yanzu sauko, a kira mai gyara."

Nan ne fa gizo ke saƙa. Mai gyaran da ta sani, wanda zai bar abin da yake yi ya zo yanzu-yanzu, guda ɗaya ne a duniya. Shi ne kuwa wanda ta rantse ba zai sake taɓa mata firiza ba. Rantsuwa tana da nauyi, amma ba ta kai firiza ba.

"A kira min wancan makashin," ta ce da babbar masu kifi. "Ƙanen mijina."

Injiniya ya iso a kan tsohon babur, gemunsa ya yi fari, jakar kayan aiki a wuya. Ya tsaya ya ƙare mata kallo a kan murfin, ya riƙe baki.

"Ikon Allah! Matarmu, yau ni ake nema? A buga min ganga mana. Shekara nawa ina wucewa ta nan kamar ɓarawo, ko inuwar firizar ba a bari ta taɓa ni!"

"Rage surutu, mijin wahala. Ka taɓa bututu, in taɓa wuyanka."

"Sauko to in ga mara lafiya."

"A kanta zan zauna. Ka yi aikinka ina kallon hannunka."

Ya tsuguna ya kwance murfin baya, ya taɓa injin ya janye hannu da sauri yana yarfewa. Ya zaro wani ɗan baƙin akwati da ya narke gefe guda, ya shinshina, ya girgiza shi a kunne. Ya ce rile ne, shi ne mai tayar da injin, ya ƙone ƙurmus. Ya ce in aka kashe firiza gas ɗinta yana nan a matse, sai ya lafa injin yake iya juyawa. In aka ba shi wuta kafin nan, sai ya yi ta turawa kamar mai tura mota a kan tudu har wani abu ya ƙone. Ko injin kansa ya tsira? Wannan, in ji shi, sai ya huce a gwada, shi ba boka ba ne.

Aka zauna jira. Rana ta karkata. Mawaƙin ya haƙura da motarsa, aka miƙa masa ledar ƙanƙarar da ba ta gama narkewa ba ta saman firizar, ya sha ya ce wallahi ko a haka ta fi ta unguwarsu. Uwar Sanyi ba ta yi dariya ba. Tafin hannunta yana kan farin murfin, tana shafa shi kaɗan-kaɗan ba tare da ta sani ba.

Da injin ya huce, Injiniya ya ɗaura sabon rile daga jakarsa. Kunne Huɗu ya matso a raɓe, ya zaro ɗan abin nan daga aljihu ya miƙa masa. "Baba, tunda an riga an buɗe…"

Injiniya ya juya shi a tafin hannu. "Kwandansa ce, mai shanye tartsatsi, da 'yar rakiyarta. Ba laifi, yaron ya san abu. Matarmu, wannan ba cuta ba ce. Tartsatsin nan da ke damun sa, ke ma yana cin bakin makunninki a hankali. In an sa, ke da shi duk kun huta."

"Kai ma ɗan ƙaramin abu ka ce wancan karon."

"Wancan karon ina yaro!"

"Gemu ne ya ƙaru, ban ga shaidar sauran ba." Ta miƙa hannu, ya saka mata abin a ciki. Ta ƙulle shi a gefen zaninta. "Yau abu ɗaya za a yi mata. In ta tashi, in ta kwana ta ba ni ƙanƙara mai ƙarar ƙarfe, in ɗan Alhaji ya ja min wayata ni kaɗai tun daga mita, aka sa wa akwatin kwaɗo makulli yana hannuna, to ranar nan sai a zo a roƙe ni. Wataƙila in ji."

Babu soket kusa sai na wurin waƙar. Kunne Huɗu da kansa ya miƙa wa mawaƙin fulogin ta saman firizar, ya ce ya soka a bango. Layin ya yi tsit, har mai aski ya daina taɓa almakashi. Manyan lasifikokin ɗakin suka ce ƙas kamar an harba bindiga, mawaƙin ya dafe ƙirji. Firizar ta girgiza a ƙarƙashin Uwar Sanyi. Ta yi uuum, ta riƙe, ta riƙe, ba ta faɗi ba. Gurnanin ya daidaita, ya koma ƙasa-ƙasa, ya hau ta ƙashin bayanta har wuya.

Masu kifi suka rangaɗa guɗa. Injiniya ya miƙe yana karkaɗe gwiwa yana duban jama'a ɗaya bayan ɗaya, kada wani ya manta wanda ya yi aikin.

Ta bar ta ta yi aiki har gefen ciki ya fara kama raɓa, sannan ta sa aka zare, ta sauko. Alhaji ya gyara murya.

"To alhamdu lillahi. Yanzu sai a matsar da ita, a buɗe wa bawan Allah hanya."

"A matsar da ita ina, Alhaji? Faɗa da bakinka, jama'a su ji. Bakin kwata, ko inda ka same ta?"

Alhaji ya dubi masu kifi da gyalensu a ƙugu, ya dubi mai rabin aski, ya dubi ɗan 'yar'uwar matarsa da ke kallon ƙasa.

"Inda take mana. Wa ya ce wani abu?"

"To mata sun fito da ita, maza za su mayar. Kunne Huɗu, kama can. Injiniya, ka bi bututun da ke ƙarƙashinta, kada ka taɓa komai. Alhaji, naɗe hannun rigar nan, gefen nan ba kowa."

"Ni?"

"Kai fa. A hankali, kada ku karkata ta, ba buhun siminti ba ce."

Alhaji ya saɓa babbar rigarsa a kafaɗa, ya sunkuya ya dafa. Uwar Sanyi ta shige gaba tana tafiya da baya, tana nuna musu hanya da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana tura ƙofar shagonta har ta buɗe gaba ɗaya.